Shekarar da ayari ya dawo Kano ta sama

A tarihin kamfanin Peugeot, wanda bakin Bahaushe ya mayar Fijo, da wuya a sami shekarar da ta tara abin alfahari kamar 1975. A watan Maris kamfanin ya fito da motarsa ta manya, 604, a bajekolin motoci na Janeba. Kafin watan ya ƙare, 504 ta lashe tseren Safari na Kenya, wanda ya yi suna wajen karya motoci, Ove Andersson na riƙe da sitiyari. A watan Yuni wata 504 ta sake zuwa ta ɗaya a tseren Maroko a hannun Hannu Mikkola. A lokacin kuma kamfanin yana tsakiyar haɗiye tsohon abokin hamayyarsa Citroën, wanda ya fara sayen hannun jarinsa a ƙarshen 1974, ya mallake shi a 1976. A cikin wannan jerin ne masana'antar Kakuri da ke Kaduna, wadda gwamnatin Nijeriya da Peugeot suka yi rajistar kamfaninta a 1972, ta fara fitar da motoci.

Ga mutanen Sochaux, garin da uwar masana'antar take a gabashin Faransa, shekara ta yi albarka, babu ja. Sai dai akwai wani wurin da in aka tsaya a cikinsa aka dubi shekarar, lissafin yakan fita daban. Wurin shi ne Kasuwar Kurmi, a tsakiyar birnin Kano, kasuwar da mota ba ta ma iya kutsawa cikin lungunanta.

Abin da ya haɗa Kurmi da Fijo siminti ne. Bayan farashin man fetur ya ninka kusan sau huɗu tsakanin 1973 da 1974, hukumomin gwamnatin Janar Yakubu Gowon, musamman ma'aikatar tsaro, suka yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, alhali tashar jiragen ruwa ta Legas ba ta iya sauke ko kashi ɗaya cikin goma na wannan a shekara. A 1975 jiragen ruwa sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku suna jiran layi, wasu na watanni, ana biyan su kuɗin jira kowace rana, simintin wasu har ya daskare a cikinsu. Masana'antar Kaduna kuwa ba ƙera mota take yi ba, harhaɗawa take yi. Inji da giya da fallayen jikin mota duk a cikin akwatuna suke zuwa daga Faransa, kuma ranar da akwati bai iso ba, ranar ma'aikata za su zauna su naɗe hannu. Da hanyar ruwa ta toshe, sai aka koma sama. Kamfanin jiragen Faransa mai suna UTA ya riƙa ɗauko akwatunan daga filin jirgin Lyon, ya tsallako Bahar Rum da Sahara, ya sauke su a filin jirgin Kano, wanda shi ne yake iya karɓar manyan jiragen dakon kaya a Arewa. Daga nan manyan motoci su kwasa su bi hanyar Zariya zuwa Kaduna, tafiyar kilomita ɗari biyu da 'yan kai. An yi shekaru ana wannan jigila, da farko da jiragen DC-8, daga baya da Boeing 747.

A Faransa an ɗauki abin a matsayin sabuwar dabara, har suka ba shi suna gadar sama. A Kurmi kuwa, dattijon da ya ji labarin ba zai ga sabon abu ba, domin hanyar da jiragen suka bi ita ce hanyar da ta gina kasuwar. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 kuma ake danganta kafa kasuwar gare shi, kaya daga arewa suke gangarowa: daga Tarabulus zuwa Gadamas, zuwa Gat, zuwa Azbin, zuwa Kano. Sunayen unguwannin da ke kewaye da kasuwar har yau suna ba da shaida. Dandalin Turawa, tun kafin zuwan Nasara, Larabawan arewa ake nufi. Alfindiki daga kalmar Larabci ta masaukin fatake sunan ya samo asali. Jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 shi ya juya fuskar birnin zuwa kudu, ya kashe ayarin raƙuma cikin 'yan shekaru. Bayan shekara 64, cunkoson Legas ya sake mayar da Kano abin da take a da, wato gaɓar da kayan Turai ke sauka bayan sun tsallake hamada. Tafiyar da raƙumi ke yi a watanni, jirgi ya yi ta cikin sa'o'i kaɗan.

To, amma madugu ba ya ƙirga nasarar tafiya da abin da ya sauke kawai. Tambayar da duk wani fatoma a Kurmi zai yi ita ce, da me ayarin zai koma?

Amsar wannan tambaya a ƙarni na 19 tana rubuce. Heinrich Barth, Bajamushen da ya zauna a Kano a 1851, ya lissafa abin da ya gani yana shigowa: akoko daga Manchester, alharini, sukari, duwatsun wuya daga Italiya, takarda, madubai, allurai, reza. Sannan ya lissafa abin da ke fita, kuma a nan ne ya fi daɗewa. Tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus, suna kaiwa Tambutu har gaɓar tekun Atlantika, kuma ya ƙiyasta kuɗin wanda ake fitarwa a shekara da aƙalla wuri miliyan 300. Ga takalma, ga jemammun fatu. Jan fatar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, ita ce Turawa suka daɗe suna saye a gaɓar arewa suna kiranta fatar Maroko. Gaskiya kuma ba ta cika sai an faɗi cewa cikin abin da ayarin ke komawa da shi har da bayi, 'yan Adam da aka tsugunar a rumfunan kasuwar nan aka yi cinikinsu. Duk mai son ya yi wa Kurmi kirari, ya fara da haɗiye wannan.

Akwai wani abu ɗaya a lissafin Barth da ya fi kowanne kusa da batun Fijo. Ya ce ana shigo da ruwan takobi kimanin 50,000 a shekara, kusan dukkansu daga Solingen ta Jamus, kuma tsirara suke zuwa. A Kano ake sa musu ƙota, a Kano ake ɗinka musu kube, daga nan Buzaye da Barebari da Nufawa da Fulani su zo su saya. Wato harhaɗa kayan da aka ƙera a Turai ba baƙon abu ba ne a birnin, kuma ba abin kunya ba ne. Kanawa sun yi shi fiye da shekara ɗari kafin a aza harsashin Kakuri. Bambancin yana cikin wanda ke riƙe da ragamar cinikin. Bajamushe ya sayar da ƙarfensa ya tafi. Siffar takobin, da adonsa, da farashinsa, da sanin wanda zai saya, duk suna hannun maƙeri da baduku da dillalin Kano, kuma kuɗin da aka biya ƙarfen daga gumin masaƙa da marina ya fito.

Hatta abin da kamfanonin mota ke taƙama da shi a yau, wato lamunin cewa in kaya ya fita da aibi za a karɓa, kasuwar ta san shi. Hugh Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824 har ya sayi laimar Ingila a kasuwar, ya rubuta cewa ana sa sunan dillali a cikin kowane ƙunshin riga ko turkudi, ta yadda in an kai shi Barno aka kwance aka tarar da algus, sai a dawo da shi, dillalin ya nemo mai kayan a mayar da kuɗi. Sunan dillali shi ne tambarin kamfani na wancan zamani.

In ana neman abin da ya yi kama da masana'antar mota a tsohuwar Kano, rumfunan masu kayan doki za a nufa. Sirdi ɗaya aikin hannaye da yawa ne. Masassaƙi ya fafe itacen, majemi ya gyara fatar, baduku ya lulluɓe ya ɗinke, maƙeri ya ƙera linzami da likkafa da ƙaimi, masaƙi ya saƙa majayi, maɗinki ya yi wa jalala ado. Babu wanda ya tara su ƙarƙashin rufi ɗaya, babu manaja, amma kowa ya san awon da na gaba da shi ke bukata, kuma dukkansu suna cikin ganuwa ɗaya ko ƙauyukan da ke kewaye. In linzami ya karye a Ɗanbatta, ba a aika wa kowa takarda zuwa ƙetare. Masana tattalin arziki na zamani suna da dogayen sunaye ga irin wannan tsari, amma ma'anarsa ita ce abin hawa ya tsiro daga cikin sana'o'in gari, kamar yadda reshe ke fitowa daga kututture.

Abin lura shi ne, shi kansa Peugeot haka ya tsiro. A 1810 'yan gidan suka mayar da injin niƙan hatsi na gado wurin sarrafa ƙarfe. Zarto suka riƙa yi, da abin niƙa gahawa, da kayan aikin kafinta, daga baya kekuna. Zakin da ke goshin motar, asalinsa tambarin zarto ne, ana nufin haƙoransa sun yi kaifin na zaki, kuma an yi masa rajista a 1858. Sai wajen 1890 suka fara mota. Maƙera ne da suka yi kusan shekara 80 suna bugun ƙarfe kafin su ɗora inji a kan ƙafa huɗu. Nijeriya ta sayi matakin ƙarshe na wannan doguwar tafiya, ta yi fatan sauran matakan za su biyo baya.

Ba a ce babu wanda ya yi tunanin hakan ba. Yarjeniyoyin da aka ƙulla da Peugeot, da Volkswagen a Legas, da Steyr a Bauchi, da Leyland a Ibadan, da Marsandi a Inugu, da Fiat da aka kafa wa masana'antar manyan motoci a kan titin Zariya a Kano, duk an gina su ne a kan cewa sannu a hankali za a riƙa yin sassan a cikin gida. An kuma yi wani abu: taya, batir, fenti da kujeru sun samu a gida. Amma zuciyar mota ƙarfe ce, shi kuwa ƙarfen yana jiran Ajakuta, wadda aka ba Rashawa kwangilarta a 1979 kuma har yau ba ta fitar da fallen da ake jikin mota da shi ba. Masana'antar mulmula ƙarfe ta Katsina rodin gini ta yi.

A watan Disamba na wannan shekara ta 1975, a can Koriya ta Kudu, wani kamfani da ya fara da harhaɗa wa Ford motoci a 1968 ya fitar da motar kansa mai suna Pony. Injinta na Mitsubishi ne, Ba'italiye ya zana ta, wani Bature daga British Leyland aka ɗauko ya tsara masana'antar. Aro ne daga sama har ƙasa, kamar takobin Solingen. Amma sunan da ke jikinta Hyundai ne, ƙasar ta riga ta kunna masana'antar ƙarfenta ta Pohang a 1973, kuma a 1976 aka fara lodin motar zuwa ƙasashen waje. Koriya ba ta da man fetur da za ta biya akwatuna da shi, dole ayarinta ya koma da kaya. Jikokin Pony suna nan a kan titin Murtala Mohammed a Kano, duk mai ido yana gani.

Ita kuwa Kano, a daidai daminar da jirage ke sauke akwatunan Fijo, ta yi asarar abu na ƙarshe da take aikawa duniya da yawa. Fari ya riga ya gasa Arewa da Nijar daga 1972 zuwa 1974. A 1975 cutar nan da manoma ke kira kuturtar gyaɗa, wadda ƙananan ƙwari ke yaɗawa, ta cinye gonakin gyaɗa na Arewa. Dalar gyaɗa, wadda ta maye gurbin turkudi da fata tun bayan zuwan jirgin ƙasa, ba ta sake miƙewa ba. Ba a ji zafin abin nan take ba, saboda a farkon shekarar aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji tare da ariyas na watanni. Kuɗi ya cika gari. Malamin makaranta ya sayi babur, akawu ya sayi rediyo da agogo, babban ma'aikaci ya cike takardar bashin mota. Kuɗin da ya biya akwatunan Lyon daga rijiyoyin Neja Delta ya fito, ya bi ta baitulmalin Legas, bai ratsa ta hannun masaƙi ko manomi ba. Karo na farko a tarihinta, Kano ta zama zangon da ake sauke kaya ba tare da an tambaye ta abin da za ta ɗora ba.

Siyasa ta ƙarasa wa Fijo sauran aikin. Ranar 29 ga Yuli aka hamɓarar da Gowon yana taron ƙasashen Afirka a Kampala, Murtala Mohammed, ɗan unguwar Kurawa a cikin birnin Kano, ya hau, kuma warware cunkoson siminti na cikin abin da ya fara sa wa hannu. Bayan an harbe shi a cikin baƙar Marsandinsa ranar 13 ga Fabrairun 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki manufar rage facaka, 504 ta zama motar hukuma tun daga shugaban ƙasa har sakataren ƙaramar hukuma. Tun 1972 ƙasar ta koma tuƙi a hannun dama, abin da ya dace da motocin Faransa da Jamus. Kafin shekarun 1980 su kama, Kakuri tana fitar da dubun dubatar motoci a shekara.

Kuma a yi wa motar adalci, ta cancanci sunan da ta yi. Tana da tsayin ƙafa, tana shanye gargada, injinta ba ya da wuyar sha'ani. Doguwar, mai kujeru layi uku, ita ta riƙe tashoshin mota daga Kano zuwa Sakkwato, zuwa Maiduguri, zuwa Maraɗi da Damagaram. A-kori-kura ta ɗauki buhunan gero da tumaki da 'yan biki. Amarya da yawa a cikin Fijo aka kai ta, gawa da yawa a cikinta aka raka ta. Tsara guda ta ma'aikatan Arewa ta auna isarta da ranar da ta ajiye 504 a ƙofar gida.

Ranar biyan bashi ta zo da faɗuwar farashin mai a farkon shekarun 1980, ta kammala a watan Satumban 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje. Nairar da ta fi dala daraja a 1980 ta koma sai an ba da huɗu a karɓi dala ɗaya a 1987. Tun da akwatin da kuɗin waje ake sayensa, farashin sabuwar mota ya tsere wa albashi, bai kuma sake waiwayowa ba. 'Yan Kwatano suka cike gurbin. Volkswagen da Leyland da Steyr da Fiat suka yi ta dusashewa. Kakuri ta fi su jimiri, ta ci gaba da harhaɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara 20 bayan an daina yin ta a Faransa. A 2006 aka sayar da hannun jarin gwamnati ga ASD Motors, a 2012 bashi ya sa hukumar AMCON ta karɓe kamfanin, Michelin da Dunlop kuwa suka rufe masana'antun tayarsu a tsakanin waɗannan shekaru.

Abin da ya yi saiwa daga duk wannan, ba a cikin yarjejeniya aka rubuta shi ba. Ya tsiro a gareji, a gindin bishiya, a Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, inda yaro ke shiga hannun maigida yana ɗan shekara goma sha, ya fara da wankin sifana, ya ƙare yana sauke inji ya mayar ba tare da ya taɓa ganin littafin kamfani ba. Tsarin koyon iri ɗaya ne da na maƙera da dukawa: kallo, maimaici, tsawa, sannan yaye. Waɗannan makanikai da masu walda da masu gyaran jiki su ne suka riƙe 504 a kan hanya shekaru bayan an cire rai da ita, suna dasa mata sassan wasu motoci, suna zuba wasu da narkakken gorar ruwa. Su ne mafi kusa da abin da Sochaux ta kasance a ƙarni na 19, kuma babu wani shirin raya ƙasa da ya ɗauke su a bakin komai. Ilimin ya tsaya a gyara, domin babu ƙarfe mai inganci, babu wutar lantarki tsayayya, babu bankin da zai ba mai rumfar kwano bashi.

Kurmi ma ba ta tsira ba. Yadin da ke Kantin Kwari yawancinsa daga Sin yake zuwa, fatun da ake jemewa a Challawa da Sharaɗa kuwa Italiya da Sifaniya ake kai mafi kyawunsu, a can a yanka a ɗinka a sa musu suna. Masu kayan doki suna nan, amma cinikinsu ya rataya a kan hawan salla da naɗin sarauta, kuma shekarar da aka hana hawa sukan ji a jikinsu.

A watan Janairun 2022 wata sabuwar masana'anta ta fara harhaɗa Peugeot 301 a gefen hanyar Kaduna zuwa Abuja, haɗin gwiwa tsakanin Stellantis, wanda ya gaji kamfanin Peugeot, da Aliko Dangote. Ta wajen uwa, Dangote tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ne, Ba'agalen da ya yi fataucin goro zuwa Gwanja kafin ya zama babban mai sayen gyaɗa a Kano, ya rasu a 1955. Jikan fatake ne ke riƙe da zakin yanzu, kuma dukiyarsa ta kafu ne a kan simintin da ya daina shigowa da shi ya koma haƙo dutsensa a Obajana. Sassan motar kuwa har yanzu a cikin akwati suke isowa Kaduna.